Shinkafa a Baƙar Lakar Sudan: A Tsare Mata Ruwa ko A Yi Ta Tudu?

Duk mai hawasha, wato gona a shirin ban-ruwa na Jazira ko Rahad, ko mai fili a bakin kogin Bahar Abyad (Farin Nil) tsakanin Duwem da Kosti, idan shinkafa ta shiga ransa akwai shawarar da zai yanke tun kafin ya sayi iri. Ko dai ya yi fangali ya tsare ruwa, shinkafa ta tsaya a cikinsa daga dashe har kusa da yanka, kamar yadda da yawa daga iyayenmu suka san ta a fadamun ƙasar Hausa. Ko kuma ya shuka ta a busasshiyar ƙasa ya riƙa ba ta ruwa bi da bi kamar alkama, wato shinkafar tudu irin NERICA 4 da hukumar JICA ta Japan ta taimaka aka yaɗa a jihohin Jazira da Sinnar da Bahar Abyad da wasunsu bayan shekarar 2010. Yawanci ana auna hanyoyin biyu da kuɗin gas na famfo da yawan buhuna. Ni a ganina kafin nan akwai abin da ya fi cancanta a duba, wato abin da kowace hanya take yi wa ƙasar kanta, domin shinkafa wata huɗu za ta yi ta tafi, hawasha kuwa 'ya'yanka za ka bar wa.

Mu fara da sanin ƙasar. Baƙar lakar da ta shimfiɗu tsakanin kogunan Bahar Abyad da Bahar Azrag (Shuɗin Nil) har zuwa Gadarif, wadda ke tsagewa da rani har ƙafar mutum ta faɗa, fiye da rabinta laka ce zalla, irin mai kumbura in ta sha ruwa. A ma'aunin pH, wanda 7 ce tsakiyarsa, ƙasa da haka tsami sama da haka kanwa, tana tsayawa a wajen 8 zuwa 9. Akwai farar ƙasa a cikinta, shi ya sa in ka ɗiga khal, wato binega, a kan ɓarɓashinta sau da yawa za ka ga tana kumfa. Ruɓaɓɓen ganye da ke sa ƙasa rai bai kai kashi 1 cikin 100 ba, naitirojin kaɗan ne, kuma gishiri yana ƙaruwa in ka haƙa ƙasa-ƙasa, yana kuma ƙaruwa in ka nufi arewa inda ruwan sama ke raguwa. Ba banza aka kafa tashar binciken gyaran ƙasa mai gishiri da kanwa a Soba, kudu da Khartum, ba. Sai babban halinta: da zarar tsagogin sun rufe, ruwa ba ya ratsa ta sai da ƙyar. Wannan hali shi ne alherinta ga mai fangali, shi ne kuma matsalarta.

Ranar da ka rufe ƙasa da ruwa, iska ta daina shiga. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙananan halittun da ke cikin ƙasa sun shanye oksijin ɗin da ya rage, sai su koma neman numfashi a jikin wasu sinadarai, ɗaya bayan ɗaya: su fara da naitiret, su wuce manganis, su kai ga ƙarfe, in abin ya yi nisa su taɓa salfet, daga ƙarshe iskar mitan ta fara tashi. Felix Ponnamperuma, masanin ƙasa ɗan Sri Lanka da ya yi aiki a cibiyar binciken shinkafa ta IRRI a Filifin, shi ya fi kowa fayyace wannan jeri, kuma daga aikinsa aka san abin mamakin da ke biyo baya. Ko ƙasa mai tsami ce ko mai kanwa, in ta yi 'yan makonni a ƙarƙashin ruwa sai pH ɗinta ya doshi 7. Tamu mai kanwa saukowa take yi, saboda iskar kabon da saiwa da ƙananan halittu ke fitarwa ba ta da hanyar tserewa, sai ta narke a ruwan ƙasa ta rage kaifin kanwar.

Ga shinkafa wannan babbar riba ce. Ƙarfen da ke daskare a ƙasa mai farar ƙasa, wanda tsiro ba ya iya sha, sai ya narke. Fosforas ɗin da ke manne da ƙarfen shi ma ya saki. Ciyawa da yawa ba ta iya tsirowa a ƙarƙashin ruwa, ƙuduji kuwa, wato buda da ta addabi dawarmu, ba shi da wurin zama. Amma kada a zaci ƙasar ta gyaru ke nan. Aro ne. Ana yanke ruwa, iska ta koma, pH ya hau inda yake, ƙarfen ya sake daskarewa ya kama fosforas ɗin ya riƙe, har ma fiye da da. Wanda ya bi shinkafar fangali da alkama a watan Nuwamba ya ce ai na sa sufa, takin fosforas, wa shinkafa, zai ga alkama ta fito a tsumure. Kuma saurin saukar pH ya danganta da abincin da ƙananan halittun suka samu. A ƙasa irin tamu mai ƙarancin ruɓaɓɓen ganye abin yana tafiya a hankali, sai an taimaka da takin dabbobi da ya ruɓe ko tattakar bara. Ita ma tattaka a binne ta da wuri, makonni kafin dashe. In ɗanya ce aka tura cikin ruwa ranar dashe, tsamin ruɓarta yana ƙona saiwar dashe, wani lokaci har ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ka tuge shinkafa ka ga saiwarta ta yi baƙi.

Abin da tsayayyen ruwa yake ƙwacewa kuwa biyu ne. Na farko zinki. Dama a ƙasa mai farar ƙasa ƙaranci gare shi, in aka rufe ta da ruwa sai baikabonet ya taru ya hana saiwa shansa. Alamarsa tana fitowa mako biyu zuwa huɗu bayan dashe: ganyen ƙasa ya yi ɗige-ɗige masu launin tsatsa, shinkafa ta ƙi yin 'ya'ya, fangali ya yi tsayi wani wuri ya yi gajere wani wuri. A Indiya sun daɗe suna ɗaukarsa cuta, suna kiransa khaira, sai a shekarun 1960 aka gane yunwar zinki ce. Maganinsa ba tsada, wajen kilo 10 na zinki salfet a fadan ɗaya (murabba'in mita 4,200) kafin dashe, kuma yakan yi tasiri fiye da shekara guda. In alamar ta riga ta fito, a zubar da ruwan a bar ƙasa ta sha iska kwana biyu-uku, a fesa a ganye. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mai gona ke ganin jan ganye ya ruga ya ƙara yuriya, ya yi asarar kuɗi ciwon na nan.

Na biyu ita ce yuriyar kanta. Buhun yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, amma in ka watsa ta a kan tsayayyen ruwa a ƙasar kanwa, da tsakar rana, ga gansakuka ta ɗaga pH ɗin ruwan ya haura 9, ga iska na kaɗawa, kaso mai yawa yana tashi sama a matsayin amoniya kafin saiwa ta gan shi. Haka naitiret ɗin da ƙasa ta tara lokacin da take bushe yakan salwanta a kwanakin farko na cika ruwa. Mai fangali dole ya raba takinsa kashi biyu ko uku, ya rage ruwa har ƙasa ta bayyana, ya zuba, sannan ya mayar da ruwa ya tura takin cikin laka.

To, shinkafar tudu fa? Ita ƙasar tana nan yadda take, da iskarta da pH ɗinta na 8 da wani abu, shinkafa ce za ta yi fama da ita kai tsaye. Ciwonta na farko ƙarfe ne. Sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kore, in abin ya tsananta ya zama fari fat kamar takarda, tsiron ya tsaya cik tun yana ƙarami. A lura da bambancin: yunwar naitirojin daga tsohon ganye take farawa, ta ƙarfe daga sabo. Zuba sinadarin ƙarfe a ƙasa mai farar ƙasa ba ya amfani, nan take yake daskarewa. Sai dai feshi a ganye, a maimaita, ko a cika gonar da ruwa na 'yan kwanaki, wanda ke nuna cewa ko mai tudu yana komawa neman taimakon fangali in ta ƙure. Fosforas ma dole a sa shi kusa da iri lokacin shuka, ba za a jira ruwa ya saki na cikin ƙasa ba. Ciyawa kuwa ita ce ke kayar da mafi yawan masu shinkafar tudu, musamman sa'ida, ciyawar nan mai kama da aya, domin duk ruwan da ka ba shinkafa ka ba ta.

Sai dai akwai abin da tudu ke kiyayewa wanda fangali ke lalatawa, kuma a hawasha mai juyin shuka ba ƙaramin abu ba ne. Mai fangali yakan kwaɓa laka cikin ruwa kafin dashe don ta riƙe ruwa ta yi laushi. Kwaɓin yana farfasa 'yan dunƙulen ƙasa, in ta bushe ta zama manyan hoge masu taurin dutse, a ƙasansu kuma ga wani dandaɓe da saiwar alkama ba ta iya hudawa. Manoman Punjab, masu bin shinkafa da alkama shekara da shekaru, sun san wannan sarai. A baƙar laka ma ba a buƙatar kwaɓin, tunda ita da kanta take toshewa in ta jiƙa. Ko wanda ya zaɓi tsare ruwa, shawarata ya daidaita filinsa a bushe, ya bar kwaɓi.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi, gishiri da kanwa. Mutane kan haɗa su wuri guda, alhali shinkafa ba ta ɗauke su ɗaya ba. Gishiri shi ne farin ɓawon da ke fitowa a kan kunya da gefen jadwal, wato ƙaramar magudanar cikin gona. Ana aunawa da EC, ma'aunin yawan gishiri, kuma shinkafa tana fara raguwa daga 3, kowane ƙarin 1 bayan haka yana cin wajen kashi 12 cikin 100 na amfani. Alkama sai ta kai 6 take fara ji, dawa kusan 7, auduga ta haura 7 da rabi. Ke nan a cikin amfanin da muka saba nomawa a hawasha, shinkafa tana cikin mafi raki a gaban gishiri, musamman tana ƙarama da lokacin da take ɗaukar ciki. Kanwa kuwa, wadda nake nufi a nan, sodiyam ne da ya manne a jikin laka ya hana ta dunƙulewa. Ƙasar ta yi santsi in ta jiƙa, ruwa ya kwanta a kanta kwana da kwanaki, wani lokaci ka ga baƙin tabo a sama. Ɗauki ɗan busasshen hoge ka sa a kofin ruwa mai tsabta, kada ka motsa. In ya ruguje ya kwanta ruwan na nan garau, da sauƙi. In hazo ya tashi ya kewaye shi ruwan ya yi fari-fari, akwai kanwa. A nan shinkafar fangali jaruma ce, tana jure sodiyam da zai kashe wake da gyaɗa, har ma da ita ake gyara irin wannan ƙasa. A Karnal ta Indiya, inda aka kafa cibiyar binciken gishirin ƙasa a 1969, hanyar da suka bi suka farfaɗo da filayen kanwa ita ce jibis, sai ruwa, sai shinkafa. Kalsiyam na jibis ya ture sodiyam daga jikin laka, iskar kabon ta saiwar shinkafa ta narkar da farar ƙasa ta ƙara kalsiyam, ruwa ya kwashe abin da aka ture.

Ruwa ya kwashe, zuwa ina? Nan ne maganar take. Kowane ruwan ban-ruwa da gishirinsa yake zuwa, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin. Yi lissafi da kanka. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. In ka ba shi ruwa mai zurfin mita ɗaya a kaka guda, ka zuba mita kubik 4,200. Ruwa mai daɗi da ke ɗauke da miligiram 200 a lita ya kawo maka kilo 840 na gishiri. Ruwan rijiya mai EC 1.5, wanda harshe da ƙyar zai ji ɗanɗanonsa, ya kawo kusan tan 4. Shinkafar fangali a zafin nan namu takan sha fiye da mita ɗaya. A Masar gwamnati ta ƙyale ana noman shinkafa a arewacin Delta na kogin Nil, wajen Kafr al-Shaikh da Dakahliyya, da gangan don ya danne gishiri, amma can ƙarƙashin gonakinsu bututun magudana ne shimfiɗe, gishirin yana da ƙofar fita. A Mali kuwa, a filayen Office du Niger wajen Niono, ruwan kogin Neja mai daɗi ne ƙwarai, duk da haka bayan shekaru na shinkafa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da sama, kanwa ta bayyana a wasu filaye, saboda baikabonet ɗin ruwan ya rinjayi kalsiyam ɗinsa, in rana ta ƙafe shi sai kalsiyam ya daskare sodiyam ya rage. Wannan darasi ya fi shafar 'yan'uwa na bakin Bahar Abyad, wanda ke rasa kusan rabin ruwansa a fadamun Sudd kafin ya iso mu, kuma ya fi Bahar Azrag sodiyam. Na Azrag, da ke gangarowa daga duwatsun Habasha, kalsiyam ya fi yawa a cikinsa, yana daga dalilan da suka sa Jazira ta yi shekara 100 tana shan ruwa tun gina madatsar Sinnar a 1925 ba ta zama fako ba.

A baƙar laka gishiri ba ya sauka ƙasa da sauƙi, tunda ruwan ma ba ya sauka. Tsayayyen ruwa yana tsarma na saman ya danna shi 'yan yatsu ƙasa, shinkafa ta ji daɗi, amma fitarsa ta gaskiya sai ta sama: ka cika, ka bari ya kwana, ka buɗe ya fita masraf, wato magudanar fitar da ruwa, ka sake cikawa. In ba ka da masraf mai aiki, gishirin yana nan yana jiran ƙasa ta bushe ya hau, ko ya bi gefe ya fito a kan kunyarka da hawashar maƙwabcinka da ke ƙasa da kai. Wannan haƙƙi ne, a yi magana da maƙwabci kafin a tsare ruwa. Shinkafar tudu tana shigo da gishiri kaɗan tunda ruwanta kaɗan ne, amma ba ta da abin tsarma shi. Tsakanin ban-ruwa da ban-ruwa ƙasa tana tsotsewa, gishirin ya yi kauri daidai inda saiwa take, in kuma a kan kunya aka shuka, can ƙololuwa yake taruwa. A fili mai ɗan gishiri gara a shuka a shimfiɗe cikin ƙananan fangalai.

Akwai hanya ta tsakiya da IRRI ta yaɗa, a jiƙa a bari ta tsane a sake jiƙawa. Ana kafa guntun bututun roba mai tsawon santimita 30, mai huda-huda, a cikin fangali. In ruwan da ke cikinsa ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa sai a sake cikawa, amma daga mako guda kafin fitar kai zuwa mako guda bayansa ba a barin ruwa ya yanke. Tana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100, tana sauƙaƙa matsalar zinki, tana rage iskar mitan da gubar asenik da ke shiga ƙwaya, tana kuma katse wa sauro haihuwa, abin da duk wanda ya zauna a kambo, unguwar 'yan ƙwadago, kusa da tur'a, magudanar da ke kawo ruwa, ya san darajarsa. A lakarmu sai an kula kada a bari ta tsage, domin tsaga in ta buɗe ruwan da za ta haɗiye ya fi wanda aka tara, kuma saiwa tana tsinkewa. A fili mai gishiri kuwa ban ba da shawararta ba sam.

Duk wannan ya rataya ne a kan ruwan da kake da tabbacinsa. An tsara magudanan Jazira, daga tur'a zuwa ƙananan magudanan Abu Ishirin da Abu Sitta, don auduga mai shan ruwa duk mako biyu. Shinkafa ko wace iri ce ba ta jira haka. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya bar magudanai da yawa cike da laka da ciyawa, famfuna sun lalace. Fangalin da ruwansa ya yanke kwana goma ya haɗa sharrin hanyoyin biyu: yuriya ta tafi, ƙasa ta tsage, gishiri ya hau. Ita ta tudu ta fi ɗan haƙuri, amma ba lokacin fitar kai ba, wanda yakan faɗo a zafin Satumba da Oktoba, ga shi zafin da ya wuce digiri 35 a lokacin fure yana barin kai da ƙaiƙayi.

Da ni ne mai hawasha a Jazira, Managil, Suki ko Rahad, kusa da bakin tur'a, ƙasata ba ta nuna fari ba, kuma ina son alkama ko gyaɗa su biyo baya, ta tudu zan yi, a shimfiɗe, da sufa a ƙarƙashin iri da maganin feshin ƙarfe a ajiye, in fara da angaya, wato ɗan yankin hawasha, ɗaya ko biyu. Da kwari gare ni a bakin Bahar Abyad, irin wanda ruwan madatsar Jabal Auliya ke rufewa ya janye, ko fili a gaɓar Azrag wajen Mai Wurno da ruwa ke kwanciya a kansa kowace damina, fangali zan yi, domin can kogin da kansa yake wanke ƙasar, zinki kawai zan tanada in kuma iya zuba yuriya. Da filina mai kanwa ne kuma akwai masraf, fangali da jibis, shekara biyu ko uku, sannan in gwada wani amfanin. In kuwa rijiya ce mai ɗan gishiri, a busasshen wuri irin na arewacin Jazira ko tudun jihar Nahar Nil, babu inda ruwa zai fita, to babu ɗaya daga hanyoyin da zan bi. Dawa ko sha'ir ko abu sab'in, dawar nan ta abincin dabbobi, sun fi dacewa da wurin.

Kowace ka zaɓa, ɗebi ƙasa kafin shuka da bayan yanka, daga sama zuwa santimita 30 daban, daga 30 zuwa 60 daban, kada ka haɗa ta tsakiyar fili da ta gefen kunya, ka haɗa da kwalbar ruwan da kake ban-ruwa da shi. Ka nemi a auna maka pH da EC da sodiyam a ɗakin gwajin ƙasa mafi kusa da ke aiki, na Hukumar Binciken Noma ko na wata jami'a, ka rubuta a littafi da kwanan wata. In EC na saman ya kusa 3 tun kafin shuka, ko ka ga na gefen kunya yana hawa shekara biyu a jere, buɗe masraf ya riga sayen iri.